Lissafin Wa Muke Yi?

A cikinmu akwai masu burin karanta tsimi da tanadi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, su yi dakta, su zama farfesoshi masu binciken yadda ilimi ke kawo ci gaba. Buri ne mai kyau. Amma kafin mu ɗauki jaka, akwai tambayar da ya kamata ɗan Ingal ya yi wa kansa: in na ƙware a wannan lissafi, wa zan yi wa shi?

Tun wajen 1960 Theodore Schultz na Jami'ar Chicago ya dage cewa karatu jari ne, kamar yadda garke yake jari. Wannan tunani na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1979. Waɗanda suka biyo bayansa sun auna ribar, kuma kiyasin da aka fi ambata shi ne kowace shekara ɗaya ta makaranta tana ƙara wa mutum kusan kashi 9 zuwa 10 cikin 100 na albashi. To, albashin wa? Na mai albashi mana. Bafulatanin da ke shayar da shanu a rijiya ba ya karɓar takardar biya a ƙarshen wata, haka matar da ke kwasar gishiri a Tegidda-n-Tesumt, haka mai lambun dabino a bakin ƙoramar Ingal. Awon da aka yi da ma'aikatan birni ne ake kawo wa makiyayi, a ce masa ga riba, ya ba da ɗansa.

In ya ƙi, sai a ce jahilci ne. Ni dai ban yarda ba. Schultz da kansa ya ce babban kuɗin karatu har da aikin da ɗalibi ya bari don ya zauna a aji. Wannan lissafin ne uban yake yi, da ka, ba da alli ba. Lakwal tana buɗewa a Oktoba ta rufe a Yuni, wato ta riƙe yaro daidai lokacin bazara, sa'adda rijiya ta yi zurfi, ciyawa ta ƙare, ake neman kowane hannu wajen jan guga. Hutu kuma ya faɗo da damina, lokacin da dabba ke samun ruwa a tabki ba wahala. Ga kuma abin da ba ya shiga kowane jadawali: yaron da ya yi shekara shida a aji ya rasa sanin daji, in bai ci jarrabawa ba ya dawo ba takarda, ba kiwo. Uban ya ga irinsu. Mu ma mun gan su, suna zaune a tashar Agadas.

Ba ina cewa a bar boko ba, ai da shi nake wannan rubutu. Kuma binciken nan yana da amfani in an yi shi da gaskiya. A gundumar Busia ta Kenya, Michael Kremer da Edward Miguel sun nuna cewa ba yara maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, da kuɗi kaɗan. Sun je sun duba abin da ke hana yaro zuwa aji, ba su zauna suna zagin iyaye ba.

Matsalar tana cikin tsanin da malamin jami'a ke hawa. Ƙarin girma yana bi ta CAMES, hukumar da ke Wagadugu, kuma babban abin da ake dubawa shi ne maƙalolin da ka buga a mujallu, da Faransanci ko Turanci. Babu maki ga wanda ya koma Ingal ya zauna da iyaye ya fassara musu sakamakon da Tasawak, ko Tamashek, ko Fulatanci, ko Hausa. Kuɗin binciken kuma sau da yawa daga waje yake zuwa, tare da tambayar da mai kuɗin ke so a amsa. Sai ka ga mutum ya tara bayanan talaucin danginsa, ya yi suna da su a taron Faris, su kuwa ko kwafi ba su gani ba. Ba sata ba ce a doka. Amma wanda ya ba ka sa'a biyu yana ƙirga maka awakinsa, alhali a al'adarsa ba a son ƙirga dabba a gaban baƙo, ya ba ka amana ne, kuma yana bin ka bashi.

Wanda aka sa wa jami'ar Yamai sunansa masanin fiziks ne, ɗan Tasawa. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu, ya kuma dawo gida ya jagoranci binciken makamashin rana. Ke nan ana iya yin suna a waje ba tare da an juya wa gida baya ba.

Wani zai ce, to mai bincike ɗaya me zai canja? Zai iya zaɓen tambayarsa. Kowace shekara wajen Satumba makiyaya suna taruwa a nan don bikin Cure Salée, ministoci su zo su yi jawabi su tafi. A wannan fili za a iya tambayar iyaye wane wata ne suka fi iya sakin yaro, nawa kantin ɗin makaranta ke rage musu na hatsi, kuma shekara nawa yarinya ke yi a aji kafin a cire ta, da dalilin cirewar daga bakin uwarta.