Asuwaki Sunna Ne, Bakin Yaro Kuwa Amana Ce

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi na Dawce da sauran garuruwan ƙasar Matameye, nasiharmu ta wannan karo a kan dasashi take, wato naman da Allah Ya dasa haƙoranmu a cikinsa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa gudun tsananta wa al'umma ne kaɗai ya hana Manzon Allah (SAW) wajabta asuwaki ga kowace salla. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa da asuwaki yake farawa idan ya shiga gida. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa shi cikin mustahabban alwala, kurkurar baki kuwa cikin sunnoninta.

Ga hikimar. Saurar abinci da ƙwayoyin cuta suna taruwa a mahaɗar haƙori da dasashi. In ba a goge ba, sai daɗɗar ta ƙanƙare kamar dutse, dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini. A wannan mataki yana warkewa sarai. In aka ƙyale, sai ciwon ya gangara ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, haƙori ya yi girgiɗi ya faɗi. Taba da ciwon suga suna ƙara masa ƙarfi. Saboda haka wanda ya ga jini a kan asuwakinsa kada ya daina, sai dai ya tausasa hannu, ya goge safe da dare, ya kurkure da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce. Abin da ya riga ya ƙanƙare kuwa, likitan haƙori ne ke kankare shi.

To, amma abin tsoron yana ga ƙananan yara. Akwai cuta da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, sunan daga harshen Girkawa yake. Takan kama yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, galibi bayan yaye, ko tamowa, ko ƙyanda, ko zazzaɓin cizon sauro. Daga dasashi take farawa: jini, gyambo, warin baki, dalalar miyau, sannan kumatu ya kumbura. Cikin ƴan kwanaki sai ta huda fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 9 cikin 10 na yaran da ba a yi wa magani ba suna rasuwa, kuma a watan Disamba na 2023 ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ba baƙuwa ba ce gare mu: tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta fara kula da irin waɗannan yara a Damagaram, kuma a 1999 aka buɗe asibitin noma a Sakkwato.

Ku sani, ya bayin Allah, wannan cuta ba iska ba ce, ba sammu ba ce, kuma ba a ɗaukar ta daga mai ita. In an kai yaro da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita da ikon Allah. Addu'a ba ta hana neman magani, domin Manzon Allah (SAW) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Don haka, iyaye maza da mata, a riƙa buɗe bakin yaro ana dubawa, musamman lokacin rashin lafiya. A goge masa da tsumma mai tsabta, in ya tasa a koya masa asuwaki. A kai shi allurar ƙyanda da wata 9. A haɗa masa kunu da gyaɗa, a ba shi wake da ƙwai da nono da zogale gwargwadon hali. In an ga gyambo da wari, a tafi likita ran nan, kada a jira ranar kasuwa. Maigidan da ya hana izini ko kuɗin mota alhali yana da iko, to ya shirya amsa gaban Allah, domin kowannenmu makiyayi ne da za a tambaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuriya bisa sunna. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.