Wa Ya Mallaki Wa?

A zamanin da fatake Hausawa suke zuwa Salaga sayen goro, cikin kayan da suke kawowa har da dawakai. Sarakunan Yendi da mayaƙansu suna ji da ingarma, gama shi ne alamar girma. Amma doki yana bukatar dawa da ciyawa da ɗan barga kowace rana, in kuwa aka gangara da shi kudu, cizon tsando ya kashe shi. Saboda haka mai hankali yakan lasafta ciyarwa kafin ya yi ciniki.

A yau ingarma ya zama mota. Samarinmu a Bawku suna kallon hotunan motocin gudu a waya, suna gardama a kan wadda ta fi. Bari mu gwada biyu daga cikinsu.

Kamfanin Bugatti ya fito da Veyron a 2005. Injinta yana da silinda 16, tana kuma gudun kilomita 407 a awa. Guda 450 kaɗai aka ƙera har zuwa 2015, kowace ɗaya ta haura dala miliyan ɗaya. In aka sake mata giya har ƙarshe, takan shanye tankinta mai lita 100 cikin kamar minti 12. Mazda MX-5 kuwa, wadda ta fito a 1989, ƙaramar motar gudu ce mai silinda 4. Zuwa 2016 an ƙera miliyan ɗaya, gyaranta kuma bai fi ƙarfin makaniki na kirki ba. Kuɗin tayoyi huɗu na Veyron yakan kai kusan kuɗin sabuwar MX-5 ɗungum.

To, wace ce ta fi? A gudu, Veyron ce. Amma dokar Gana ba ta yarda a wuce kilomita 100 a awa a kan kowace hanya ba. Ashe mai ita ya biya kuɗin gudun da ba zai yi ba, zai kuma ci gaba da biya muddin tana hannunsa. Ba ya iya barinta a bakin kasuwa, ba ya iya ba maƙwabci aro, ƙaramin rami ma yana sa gabansa faɗuwa. Wa ya mallaki wa?

Ba cewa muke yi kyakkyawan abu laifi ne ba. Gwanintar waɗanda suka ƙera irin wannan inji abin yabo ce. Haɗarin yana cikin zuciyar da ke auna mutum da abin hawansa.

'Yan'uwa, da wuya a sami mai sayen Bugatti a cikinmu, amma jarabar ɗaya ce. Saurayi yakan ci bashi ya sayi babur ko waya wadda ta fi ƙarfinsa don a gan shi, sa'an nan kuɗin makarantar yara ya koma mai da gyara. Ga kuma mai keke mai ƙafa uku, yana kai albasa kasuwar Bawku da safe, da dare ya kai mai naƙuda asibiti. Ba wanda yake ɗaukar hotonsa.

Kafin ka sayi abu, tambayi kanka abu uku: Me zai yi mini? Me zai riƙa ci daga hannuna kowane wata? In kuma ba wanda zai gan ni da shi, zan so shi har yanzu?