Amanar da ke cikin jaka

Sojan laima in ya diro daga jirgi, ransa na hannun wanda ya naɗe laimar. In igiyoyi sun harɗe, sai ta buɗe a murɗe. In ba a jawo ɗan ƙyallen da ke rage saurin buɗewa sama ba, sai ta buɗe da fizgar da kan ji wa wuya rauni. Kuma in an rufe jaka, ba mai ganin cikinta.

To 'yan uwa, mi ke sa mutum ya kyautata aikin da ba a gani? A Amurka doka ta ce a sake naɗe laimar ko-ta-kwana duk kwana 180, amma doka ba ta tsaye kanka lokacin naɗi. Mu nan Filinge mun san wanga: mai sauka rijiya ba ya ganin ƙullin da ɗan uwansa ya yi a baki. Ni dai a ganina, nan ake auna mutum.