Hannun da Muke Damƙa wa Mai Jego

Tun ciki yana wata bakwai muke fara lissafin rago da atamfar suna, amma matar da za ta zauna da mai jego har a yi arba'in, ta ɗora ruwa da asuba, ta yi wa jariri wanka, ta kwana kusa da su, ba ma tuna ta sai an dawo daga asibiti. A da ba a wahalar nemanta: ko yarinya ta tafi gidansu wanka, ko a turo gwaggo daga ƙauye. Yanzu neman abinci ya watsa mu Abuja da Legas da Yamai, iyaye sun tsufa, sai mu ɗauko wadda maƙwabciya ta ce ta iya, mu tambayi kuɗinta kawai, mu miƙa mata rai biyu.

Furfura abin girmamawa ce, ba mai musu, sai dai ba kowace al'ada da tsohuwa ta gada ce ta bar mutane lafiya ba. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara, suka kuma danganta abin da yawan shan kunun kanwa, da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gama ɗawainiyar ciki kuwa ba ta da ƙarfin wannan ƙarin kaya. Duk da haka har yau muna jin daɗi in an ce mai kula da 'yarmu tana da hannun kanwa.

Me zai hana mu zaunar da ita tun kafin haihuwa, mu tambaye ta cikin ladabi? Iya, cibiya fa, gashi kike yi da tsumma, ko za ki shafa maganin da asibiti suka bayar? Dakashi, a matse a zubar ko a bar yaro ya sha? Za ki iya haƙura da ruwa da dauri, a bar shi da nono zalla har wata shida? Kafur ma da muke cusawa cikin kayan jarirai yana iya tayar wa wasu yara shawara mai taɓa ƙwaƙwalwa. Mafi girma duka, in ta ga jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko idon jariri ya yi ɗorawa, ko ya ƙi kama nono, za ta ce a tafi asibiti yanzu, ko za ta ce a bari a gani? Yarinya mai haihuwar fari kunya ba za ta bar ta ta ja da babba ba, ko da ruwan yana ƙona ta. Saboda haka tambayar nan a wuyan miji da iyaye take.

In kuma Allah ya haɗa mu da ta ƙwarai, a yanke ladanta tun farko, a biya a kan lokaci, a ba ta wurin kwana na mutunci. Mun saba da zarar ta shigo mu ɗora mata wankin gida duka da girkin baƙin suna, alhali wadda ta yini a bakin murhu ba za ta ji kukan jariri da tsakar dare ba.