Igiyar Zainab Da Ƴaƴanmu Masu Neman Shiga Jami'a

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wata rana Manzon Allah (SAW) ya shiga masallaci, sai ya ga igiya an ɗaure ta tsakanin ginshiƙai biyu. Da ya tambaya, aka gaya masa ta Zainab ce, da ita take dafawa idan ta gaji da tsayuwar dare. Sai ya yi umurni a kwance ta, ya kuma shiryar da cewa mutum ya yi nafila lokacin da yake da nishaɗi, in ya gaji ya zauna. To, idan an kwance igiya ga salla, wadda ita ce mafificiyar ibada, ina ga karatun jarrabawa?

Ga shi kuwa muna ganin irin wannan igiya kowace bazara, daga Birnin Ƙonni har Malbaza da Ilela. Yaron da zai rubuta bak yana kwana a ƙarƙashin fitilar titi cikin zafin watan Mayu, yana ɗirkar shayi da Nescafé, wani ma har ya kai ga tiramol domin kada barci ya ɗauke shi. Wannan na ƙarshe ba ƙoƙari ba ne, haram ne, domin yana gusar da hankalin da ake wahalar a cika shi. Asuba ta wuce shi, ya rame, ya karanta shafi sau biyar bai riƙe komai ba. Salmanul Farisi ya tarar da ɗan'uwansa Abud Darda'i cikin irin wannan hali game da ibada, ya tilasta masa ci da barci, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu.

Amma fa sau da yawa ba yaron ne ya ɗaure igiyar ba, mu iyaye ne. Uba ya ce ko likita ko babu, don ɗan maƙwabci yana karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, alhali ɗansa lissafin kasuwa Allah Ya buɗa masa, ga kuma Jami'ar Tawa kusa da gida tana koyar da shari'a da tattalin arziki. Mu ma ƴan madarasa muna da namu: sai a nuna wa yaro cewa wanda bai je Azhar ko Madina ba bai yi karatu ba, a manta da Jami'ar Musulunci ta Sayi wadda aka buɗe a 1986. Masu hangen Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kuwa su tuna Ingilishi ne harshenta, kuma iyakar nan da muke ganin ta kamar ƙofar gida an rufe ta a 2023, ba a buɗe ba sai 2024. Ya kamata uba ya zauna da ɗansa su ƙirga kuɗin haya da na abinci da na mota da sefa ko da naira, tun kafin a sayar da albasar Galmi ta shekara guda don cika burin da ba na yaron ba.

Sannan istihara. Mutane da yawa sun ɗauka sai an yi mafarki, har yarinya ta shafe sati tana fargaba don ba ta ga kome ba. Ba haka Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito ta ba: raka'a biyu ce ba ta farilla ba, sai addu'a, kana ka ambaci buƙatarka. Wanda zai yi karatun shi ya fi cancanta ya yi ta da kansa, bayan ya shawarci malamansa na lise da ɗaliban da suka riga shi zuwa can. Daga nan ya miƙa takardunsa inda zuciyarsa ta natsu, ya je ya yi barci.