KARON DA BA YA ƘARA

Tambayata ta yau ita ce: idan biyu suka haɗu suka zama ɗaya, wa ke asara? A sararin samaniya za mu nemo amsar.

Duk wadda ta taɓa shimfiɗa tabarma a tsakar gida a Tamawa ko ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma lokacin kaka, kafin hazon hunturu ya sauko, ta san farin zanen nan da ke ratsa sama kamar hayaƙi. To taurari ne fiye da biliyan 100, ranarmu ɗaya ce a cikinsu. Garkenmu ke nan, kuma akwai garkuna irinsa bila adadin. A 1990 aka harba na'urar hangen nesa mai suna Hubble daga Amurka, tana kewaya duniya tana ɗauko hotunansu. A 1997 aka fito da hotonta na wasu garkuna biyu da ake kira Antennae, sun shiga cikin juna, kowanne ya saki dogon wutsiya na taurari a baya. Wadda ta ga hoton sai ta ce an yi ɓarna, kamar motoci biyu sun yi taho-mu-gama a hanyar Katsina.

Amma ikon Allah sai kallo. Masana sun ce da wuya tauraro ɗaya ya daki ɗan uwansa a irin wannan karon. Dalili kuwa tazara ce. Ki ɗauka rana ƙwayar gero ce a tafin hannunki a Dutsin-Ma, to tauraron da ya fi kusa da ita wata ƙwayar ce can wajen birnin Katsina. Ta yaya za su gwabza? Abin da ke haɗuwa shi ne ƙura da iskar gas da ke tsakaninsu, kuma daga wannan matsi ake haifar sababbin taurari. A hoton nan kaɗai an ga dunƙulensu fiye da 1,000.

Mu dawo gida. Abin da aka fi tsoratar da yarinya da shi kafin a kai ta ɗaki shi ne kishiya: cacar baki, habaici, jifa da murfin kwano. Ba na yabon faɗa, wallahi, amma Bahaushe ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Mata biyu masu ƙarfi ɗaya, kowacce da ɗakinta, da ranar girkinta, da 'yar sana'arta, da zubin adashinta, za su yi ta gogayya, kowacce ta sauya hali, amma da wuya ɗaya ta murƙushe ɗaya. Sau nawa muka ga 'ya'yansu sun tashi ba a bambance ɗan wannan ɗaki da na wancan?

Ni abin da ke ba ni tsoro wani karon ne daban. A 1994 aka gano wani ƙaramin garke, Sagittarius, wanda namu garken ke haɗiyewa. Ba a dake shi ba. Jan babban ne kawai ke zare masa taurari kaɗan-kaɗan duk zagayen da ya yi, har ya koma dogon zare ya naɗe a jikin namu. Kin tuna wata? Yarinya 'yar shekara 16 da aka kai babban gida, ga uwar miji, ga faccaloli, ga dangin miji. Babu wanda ya zage ta, kowa ma yabon haƙurinta yake yi. Bara ta bar karatu, bana ta bar saƙar hular da ke kawo mata kuɗin sabulu, baɗi zuwa gidansu sai an yi rasuwa. Sunanta ma ya ɓace, daga Amarya ta koma Maman wane. Idan aka tambayi mutanen gidan sai su ce lafiya lau, ko tarinta ba a taɓa ji ba. Allah sarki! Ai sama ma ba a jin ƙarar karonta.

Wata za ta ce to laifin wa, babba ai ja yake yi ko bai yi niyya ba. Tauraro ba shi da zaɓi, na yarda. Uwar miji kuwa tana da shi, maigida yana da shi, ke uwargida da aka kawo wa ƙanwa kina da shi. Kina iya ce mata, "Tashi ki je makarantarki, ni zan ɗora tukunyar."

Mu ma akwai mai nufo mu. Garken Andromeda, wanda ake gani da ido kamar ɗan gajimare ta arewa a daren kaka, yana matsowa da gudun kilomita 110 a daƙiƙa. A 2012 an ce za mu haɗu nan da shekara biliyan 4, a 2025 wasu masanan suka sake lissafi suka ce rabi da rabi ne. A 2018 kuma na'urar Gaia ta Turai ta nuna taurarin wani garke da namu ya haɗiye shekara kusan biliyan 10 da suka wuce. Da yanayin tafiyarsu aka gane su, don har yau ba su bi sahun 'yan gida ba.