Mai Gonar Bai Daina Ɗaukar Ma'aikata Ba

 Sannu manomin da ke duƙe a kunya tun asuba, sannu mai tuyar ƙosai, sannu tela da bakanike da birkila da ɗan acaɓa, sannu malamar makaranta da ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti. Gajiyarku ba ɓoyayyiya ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na mudun masara suka yi tashin gwauron zabo. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma mai iyali ya san kwana nawa kuɗin ke yi a aljihu. Leburan da ke jira a bakin hanya da shebur da diga kuwa, ko albashin ma ba shi da shi.

Yesu Almasihu ya san irin wannan jira. A Bisharar Matiyu sura 20 ya ba da misalin wani mai gonar inabi da ya fita da sassafe neman ma'aikata, suka daidaita a kan dinari 1, ladan yini guda. Ya sake fita da hantsi, da tsakar rana, da azahar, duk yana ɗauka. Wajen ƙarfe 5 na yamma, saura sa'a ɗaya a tashi, ya tarar da wasu a tsaye. Ba lalaci ne ya tsayar da su ba, ba wanda ya ɗauke su ne. Ya tura su gona. Da magariba aka fara biya daga kan na ƙarshe, kowa ya karɓi cikakken dinari.

Waɗanda suka sha rana suka yi gunaguni, alhali ba a rage musu ko anini ba. Mai gonar ya cika alkawarinsa ga na farko, ya kuma duba cewa na ƙarshen ma yana da yara masu jiran tuwon dare. Wannan shi ne alheri. Allah ba ya ƙirga mana sa'o'i kafin ya karɓe mu. Manzo Bulus ya koya wa Afisawa cewa ceto kyauta ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya, ba a sayensa da gumi, don kada wani ya yi taƙama. A nan take kuma ya ƙara da cewa an halicce mu cikin Almasihu domin ayyuka nagari. Wanda aka yi wa irin wannan alheri ba ya naɗe hannu. Godiya ce ke tashe shi da asuba.

Kada kowa ya rena sana'arsa. Mutanen Nazarat masassaƙi suka san Yesu kafin su san shi Malami. Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a Koranti, a can ya yi ɗinkin alfarwa tare da Akila da Bilkisu, yana kuma wa'azin bishara. Rut gwauruwa ce, baƙuwa daga Mowab, kala take yi a gonar Bo'aza daga safe har yamma don ta ciyar da surukarta Na'omi, ga shi daga zuriyarta Sarki Dawuda ya fito. Dokas ta Yafa da allura da zare ta suturta gwauraye. Ɗan'uwa, teburinka a kasuwa wurin hidima ne. 'Yar'uwa, kekenki na ɗinki wurin hidima ne.

Aminci kuwa a kan ƙananan abubuwa ake gane shi. Mai awo ta cika mudu, kada ta lotsa gindinsa. Birkila ya zuba simintin da aka ba shi duka. Bakanike kada ya sa tsohon ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo. Malami ya shiga aji ko ba mai dubawa. Sa'ad da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Maibaftisma abin da za su yi, bai ce su bar aikinsu ba. Ya hana su karɓar fiye da ƙa'ida da ƙwace da ƙazafi. Kai kuma mai gida da ka sa mutane aiki, Dokar Musa ta umarta a biya talaka ladansa kafin rana ta faɗi, wasiƙar Yakubu kuma ta gargaɗe mu cewa kukan wanda aka danne wa lada yana kaiwa kunnen Ubangiji. Biya shi yau.

Wataƙila zuciyarka na ce maka ka makara: ka ci amana, ka taɓa kuɗin da ba naka ba, ka daɗe rabonka da sujada. Bitrus sau 3 ya yi musun Ubangijinsa, amma a bakin tekun Galili aka maido shi, aka kuma danƙa masa kiwon garke. Littafin Makoki, da aka rubuta a kan rushewar Urushalima, shi ne ya shaida cewa jinƙan Allah na sabuntuwa da wayewar kowane gari. Ka tuba, ka mayar wa mai kaya kayansa yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi, ka koma bakin aikinka da fuska a sake.

Ke da kika gaji, kada ki karaya. Kai da ka yini ba ciniki, kada ka ɗauka an manta da kai. Ku yi addu'a kafin ku buɗe shago, ku riƙe gaskiya ko da riba za ta ragu, ku tallafi maƙwabci, Kirista ne ko Musulmi, ku koya wa maraya sana'a. Ku tashi ku ɗaura ɗamara, 'yan'uwa, wahalarku a cikin Ubangiji ba za ta tafi a banza ba.